Ta-Baya da Dokar Ƙarshen Layi

Haihuwa da asali

An haifi marigayiyar da jama'a suka fi sani da laƙabin Ta-Baya a shekarar 1951, a garin nan da layin dogo ya raba gida biyu, cikin wani gidan haya mai famfo ɗaya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta ma'aikacin gidan burodi ne wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙirjinsa a bakin tanderu, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi da keken hannu a ƙofar ɗaki. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya takwas da Allah ya azurta gidan da su.

Ba a rubuta wannan tarihi don a faranta wa kowa rai ba. Waɗanda suka zauna a wurin ta'aziyya suna kwarara yabo sun riga sun faɗi nasu, kuma sun san kansu. Abin da ya rage shi ne a faɗi yadda al'amarin ya kasance, ko da ran wasu zai ɓaci.

Tun ba ta gama sanin ciwon kanta ba aka ɗora mata rabon abinci a gida, bisa wata doka da mahaifiyarta ta kafa, wadda babu ɗaukaka ƙara a kanta: mai rabo ba ta ɗaukar nata sai kowa ya ɗauka. Duk lokacin da yarinyar ta tura baki, abin da uwar kan ce bai wuce, “Wadda za ta ci ƙanzo ba ta barin tukunya ta ƙone,” ba. A kan wannan magana ta tashi, kuma ba ta sauka daga kanta ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1958, ta kammala a 1965 da sakamakon da ya isa ya kai ta gaba, sai dai a wannan shekarar ne ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinta, lamarin da ya sa maganar sakandare ta bi ruwa. A maimakon haka ta yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a ta mata, inda ta karanci girki da kula da ɗakin ajiya. Malamanta sun shaide ta da ƙwazo da tsabta da riƙon amana, sun kuma shaide ta da kafiya, wadda ɗaya daga cikinsu ta ce ko dai ta yi mata rana ko ta ja mata baƙin jini. Duka biyun sun tabbata.

Aiki

A shekarar 1969 aka ɗauke ta aiki a ɗakin girki na babban asibitin garin, inda ta fara daga wanke-wanke da firar dankali, ta yi ta hawa sannu a hankali har ta zama shugabar sashen a 1982. A tsawon shugabancinta ba ta taɓa ɗanɗana abinci daga saman tukunya ba. Takan jira har a zuba wa ɗakin marasa lafiya na ƙarshe, sannan ta sa a ɗebo mata daga abin da aka zuba musu. Ma'aikatan da ke ƙarƙashinta ba su so haka ba, domin idan miya ta tsinke ko shinkafa ta kama, ita ce ta farkon sani, su kuma su ne na farkon jin bakinta. Ta yi ritaya a shekarar 2006 ba tare da an taɓa kama ta da ko cokalin gishiri ba.

Aure da iyali

Ta yi aure a shekarar 1973 da wani direban bas na hukumar sufurin gari, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci, wanda yakan gaya wa abokansa cewa shi mace ya nema, ashe sikeli aka ɗaura masa. Sun zauna a gidan haya mai ɗaki biyu kusa da garejin bas, suka haifi 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu yana jariri. An haifi 'yar autarsu a shekarar 1985, kuma za a sake jin labarinta a gaba.

Kafa ƙungiyar gama-kai

A shekarar 1987, lokacin da tsadar abinci ta kai albashi ba ya ganin tsakiyar wata, magidantan unguwar, ma'aikatan jirgin ƙasa da na asibiti da malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i, suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama-kai ta abinci. Tsarin ba shi da wuya: kowane gida ya kawo nasa, a sayo shinkafa da wake da fulawa da sukari da man girki da albasa a sari, kaya su iso ranar Juma'a, a raba ranar Asabar. Aka samu aron wani tsohon sito a bayan garejin bas, mai ƙofar ƙarfe da taga ɗaya da rufin kwano mai yoyo ta kusurwar gabas, aka rataye sikeli a jikin gungumen rufi, aka jera benci biyu. Aka kuma zaɓi kwamitin gudanarwa na mutum bakwai, waɗanda za su yi sayayya da sauke kaya da awo ba tare da ladan komai ba, marigayiyar na cikinsu.

A zaman farko na kwamitin ne ta kawo shawarar da ta zama sanadin ɗaukakarta da kuma faɗuwarta, wato kada ɗan kwamiti ko wani daga gidansa ya karɓi kasonsa sai mamba na ƙarshe ya karɓa. Aka yi dariya, wani ya ce ko jaki idan ya yi dako ana fara ba shi ruwa. Ita ba ta yi dariya ba. Wani tsohon mai gadin tasha ya goyi bayanta, sauran suka amince don kunya, suna zaton abin ba zai wuce wata guda ba.

Ba a yi nisa ba hikimar dokar ta bayyana. Ɗan sarin da ake sayen wake a hannunsa ya aiko da buhuna masu kyau a baki, ƙasansu kuwa ƙwari ne da gari. Mambobin farko suka tafi suna sa albarka, 'yan kwamiti suka kwashi ƙasan buhu suka kai wa iyalansu. Ranar Litinin da safe duk su bakwai ɗin suna ƙofar shagonsa, ba wanda ya aika wa wani, kowa cikinsa ne ya kawo shi. Daga wannan rana har shekara ashirin da huɗu, ɗan sarin bai sake gigin yi wa ƙungiyar ado a bakin buhu ba, domin ya fahimci cewa masu sayen su ne masu cin na ƙasa. Ganin yadda marigayiyar ke kammala awo ta cire gyalen aiki ta ɗauki robarta ta koma bayan kowa, sai yaran unguwa suka laƙaba mata Ta-Baya, sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Abin da dokar ta ci a gida

Adalci ne a faɗa cewa ba ita kaɗai ta biya farashin wannan doka ba. Ko kayan kirki ne, ƙasan buhu ƙasan buhu ne: karyayyar shinkafa, tsakuwa, albasar da aka danne, man da ya kwanta a gindin duro, wani makon ma sukari ya ƙare kafin layi ya iso kansu. Yammacin kowace Asabar 'ya'yanta kan zauna gaban faranti suna tsince tsakuwa alhali 'ya'yan maƙwabta suna wasa a waje. Maigidan yakan mayar da abin raha, ya ce haƙoransa sun fi tayar bas ɗinsa sanin tsakuwa. Manyan 'ya'yan sun haƙura. Autar ce ba ta haƙura ba, tana da shekara goma ta taɓa ture farantin ta ce, “Mama, wai mu ba mutane ba ne?” Uwar ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba, “Mutane ne ku, shi ya sa kuke cin abin da mutane ke ci. Ɗauki farantin.”

Gaskiya ta faɗa, amma ba ta taɓa haɗa gaskiyar da sannu ba, kuma wannan na cikin abin da ya kamata a rubuta. Marigayiyar mace ce mai kaifin harshe wadda ba ta iya rarrashi ba, a gida ko a waje. Mai yi mata rarrashin shi ne maigidanta, kuma Allah ya karɓi ransa a shekarar 2003 bayan gajeriyar rashin lafiya.

Zuwan Mai Motoci

A shekarar 2008 aka zaɓi wani ɗan kasuwa mai motocin ɗaukar kaya cikin kwamitin, bayan shekara biyu ya zama shugaba. Kada a yi masa ƙarya: ba ɓarawo ba ne. Ya ba da motarsa kyauta ana ɗauko kaya, ya gyara yoyon rufin da aka yi shekaru ana tara masa bokiti, ya sa fanka. Da a ce ɓarawo ne da abin ya zo da sauƙi, domin ɓarawo ana kama shi.

A farkon shekarar 2011 ya gabatar wa kwamitin da koke cewa aikin ya rasa masu so, matasa suna gudunsa, kuma ba za a zarge su ba, tunda mutum zai sauke buhu ranar Juma'a, ya yini a tsaye ranar Asabar, sannan a saka masa da shara. Wannan ma gaskiya ne. Shawararsa ita ce a riƙa ware wa 'yan kwamiti kasonsu ranar Juma'a da zarar kaya sun iso, ba ƙari ba ragi, da mudun da ake auna wa kowa. Marigayiyar ta ce masa, “Alhaji, ba mudun nake ji ba, inda za a tsoma shi nake ji.” Ya ce, “Haba Mama, buhu ɗaya ne fa.” Ta ce, “Buhu ɗaya ne ga wanda bai taɓa zazzage shi ba.” Ta kawo shawarar a ƙara yawan 'yan kwamiti domin aikin ya yi sauƙi, ko a riƙa yin sa karɓa-karɓa, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Da yake dokar ta asali ce, kwamitin ba shi da ikon soke ta shi kaɗai, sai aka yanke a kai maganar gaban mambobi.

Ranar ƙuri'a

A nan ne ƙungiyar ta tafka kuskuren da ita da kanta ta gina wa kanta. Tun kafuwarta, duk wata ƙuri'a ana kaɗa ta ne ranar Asabar da safe a kan layi kafin a fara rabo, domin wannan ne kaɗai lokacin da ake samun kowa; a yi tambaya daga bakin sikeli, mutane su ɗaga hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da roba. Shekara da shekaru hakan bai cutar da kowa ba, saboda abin da ake tambaya bai wuce a sayi wake ko a ƙara fulawa ba. Babu wanda ya taɓa tunanin ranar da masu riƙe da mudu za su tambayi masu riƙe da roba wani abu don kansu. Marigayiyar ma, da duk kaifin idonta, ba ta hango ba sai da ta ga an jeru.

Ranar ta zo a watan Afrilu na 2011. Mai Motoci ya tsaya, mudu a hannunsa, buhuna a buɗe a bayansa, sauran 'yan kwamiti biyar a gefensa suna kallon fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi bayani cikin ladabi, ya ce wanda ya amince ya ɗaga hannu. Wa zai ƙi? Mutumin da yanzu-yanzu zai miƙa robarsa a auna masa, ya san bambancin mudu mai tozo da shafaffe, shi ne zai bar hannunsa a ƙasa? Hannuwa suka tashi daga gaban layi zuwa bayansa, har da na waɗanda ta yi shekara ashirin da huɗu tana cin tsakuwa dominsu, wasu suna ɗagawa suna kallon ƙasa. Abin kunya ne, kuma ba a samu wanda ya isa ya ce a jira a gama rabo tukuna ba.

A tsakiyar layin akwai autarta, wadda a lokacin ta yi aure tana da nata gidan da nata kason. Ita ba ta kalli ƙasa ba. Ta ɗaga hannunta sosai, tana duban uwarta ido cikin ido. Daga baya mutane suka yi ta cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, kamar su ba su ɗaga ba. Ita aƙalla tana da hujjar faranti da tsakuwa, su fa mece ce tasu?

Marigayiyar ta ajiye mudunta a kan benci, ta cire gyalen aiki ta ninke, ta ɗauki robarta ta bi gefen layin har ƙarshensa ta tsaya. Wannan shi ne murabus ɗinta daga kwamitin.

Abin da ya biyo baya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan sarin nan ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da shagon, kuma ba wawa ba ne. Kafin shekara ta zagayo ya gane cewa masu sayen yanzu bakin buhu suke ci. Ado ya dawo. Shinkafar sama fara tas, ta ƙasa mai warin danshi; waken sama sumul, na ƙasa duk huda. Su wa ke ƙarshen layi? Ma'aikatan jinya da ke tasowa daga aiki a makare, tsofaffi masu ciwon gwiwa, mata masu goyo, wato waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu. Idan suka kai kuka, 'yan kwamiti su ce su dai ba su ga wani aibu a kayan ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne ba ƙarya suke yi ba, tukwanensu lafiya lau suke.

A babban taron shekarar 2013 marigayiyar ta shigo siton ɗauke da tukunya, ta dire ta a kan teburin kwamiti, ta buɗe, warin ya cika ɗakin duk da fankar Mai Motoci. Ta jera cokula bakwai ta ce, “Bismillah. Daga buhunku ne, ni dai dafawa na yi.” Ba wanda ya taɓa cokali. Shugaban ya ce, “Allah ya huci zuciyarki Mama, za a duba.” An duba ɗin kuwa, domin an yi wa ɗan sarin magana, ya gyara na mako uku, ya koma ruwa. Maganar maido da dokar ko kan teburi ba ta hau ba.

A maimakon haka, a shekarar 2014 kwamitin ya yanke shawarar karrama ta a matsayinta na wadda aka kafa ƙungiyar da ita, kuma karramawar da hankalinsu ya ba su ita ce a riƙa ware mata nata kason ranar Juma'a tare da nasu, a kai mata har gida. Cin fuska ya wuce wannan? Suka rasa wanda zai kai, sai suka ɗora wa autar. Ta shigo ta sauke kayan a tsakar ɗaki ta ce, “Mama, shekara ashirin da huɗu kina ba mu tsakuwa. Don Allah yau ɗaya ki ci mai kyau.” Uwar ta dubi shinkafar, fara ce ƙal, ta ce, “Mayar musu. In na ci wannan, wa zai gaya musu abin da ke ƙasan buhu?” Autar ta ce, “Kin gaya musu ai. Sun ji?” Duk da haka ba ta karɓa ba, autar ta ɗauki kayan ta fita, kuma daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Shekarun ƙarshe

Ta ci gaba da zuwa siton kowace Asabar tana tsayawa bayan kowa, da gwiwoyinta suka gaza ta riƙa zuwa da kujerar roba tana ja a hankali yayin da layi ke matsawa. Layin kuwa kullum gajarta yake yi, saboda mutanen ƙarshensa sun gaji sun koma sayen awo a kanti da tsada, waɗanda suka rage su ne masu ƙarfin sammako. Kwamitin ya kira wannan da sunan ci gaba, wai an rage cunkoso. A shekarar 2018 zuwan ya gagare ta, sai babban ɗanta ya riƙa karɓo mata, bisa sharaɗin ya tsaya inda take tsayawa. Idan ya dawo takan tsoma hannu cikin shinkafar ta shinshina, domin ta tabbatar bai yi mata wayo ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Laraba a watan Nuwamba na shekarar 2019, tana da shekara sittin da takwas, a asibitin da ta yi wa aiki, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ma'aikaciyar da ke kai mata abinci ta ce tambayar da ta fara yi mata ita ce wane ɗaki ake zuba wa a ƙarshe, kuma wa ke ɗanɗanawa.

An yi mata salla a ƙofar gidanta, aka binne ta a maƙabartar da ke hayin layin dogo kusa da maigidanta. 'Yan kwamiti sun halarta gaba ɗayansu, a sahun gaba. A wurin ta'aziyya shugaban ya yi jawabi mai tsawo a kan amana, ya yi alkawarin za a sa wa siton sunanta, kuma ya cika: allon yana nan a saman ƙofar ƙarfen, an rubuta shi da fenti mai kyau. Dokar dai ba a maido da ita ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kaifin harshenta, ya saka mata da abin da mutane suka kasa.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Babban ɗanta makaniki ne a garejin bas, ya fita daga ƙungiyar mako guda bayan jana'iza. Mai bi masa malamar makarantar firamare ce a wani gari. Na uku direban motar asibiti ne. Sai autar, mai shagon ɗinki, wadda aka zaɓa cikin kwamitin gudanarwa a farkon shekarar 2020, a kan layi, da ɗaga hannu. Ranar Juma'a take karɓar nata.